Fitilar da Ba Ta Shan Kananzir

A gidanmu na Ƙiru akwai wani ɗan baffana da ya tashi da farfaɗiya tun yana ƙarami. Da zarar an ce wata ya tsaya, shi ke nan kakarmu ba ta da sauran sukuni: a janye shi daga bakin murhu, kada a aike shi rijiya, kada ya hau jaki. Ni kuwa lokacin na fara sakandare, kaina na hayaƙi, sai wata rana na ce, "Iya, wai ina ruwan wata da ciwon mutum?" Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai maigidan, ba ka ga jinjirin wata ba ne jiya? To in ba shi ba ne, bokon naka ya gaya mini abin da ke tayar da ciwon mana." Na yi tsuru-tsuru. Iya ta daɗe da riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, amma bashin amsar nan yana nan a wuyana, yau nake so in rage.

Mu fara da shi kansa wanda ake zargi. Wata dutse ne, ba shi da wutar kansa ko ta ashana. Ka san kwanukan da amarya ke jerawa a ɗaki? Kunna fitila ka ga suna ɗaukar ido kamar su ne masu hasken, hure fitilar kuwa ka neme su ka rasa. To haka wata yake, rana ce fitilarsa. In kana son ganin yadda yake cika yana raguwa, sa yaro ya riƙe ƙwarya a ɗaki mai duhu, ka ajiye aci-balbal a gefe guda, ka ce ya zagaya ka da ita. Kullum rabin ƙwaryar na cikin haske, rabi na cikin duhu. Abin da ke sauyawa shi ne ta ɓangaren da kake hangenta: wani lokaci ka ga bakin-bakinta kawai kamar lauje, wani lokaci ka ga cikinta duka. Zagaye ɗaya kwana 29 da rabi, shi ya sa watanmu yau 29 gobe 30, har sai an jira sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi. Ke nan wata ba ya ƙiba, ba ya ramewa. Nauyinsa a daren sha huɗu shi ne nauyinsa a daren ashirin da tara. Buhun masarar Doguwa ba ya ƙara mudu don an haska shi da tocila.

Ga shi kuma ba nan kusa ba. Kilomita wajen 384,000 ne tsakaninmu. Da akwai kwalta, direban da ya tashi daga Kwanar Ɗangora yana zuba gudu ɗari a awa, ba tsayawa shan mai, ba sallamar 'yan kan hanya, sai ya shafe wata biyar da 'yan kwanaki kafin ya ce a sauka lafiya.

Masu cewa wata na juya jikin mutum suna da wata hujja mai daɗin ji. Sukan ce, ai wata na jan teku, duk wanda ya zauna Legas ko Fatakwal ya ga ruwa na cikowa yana janyewa. Jikin ɗan Adam kuma fiye da rabinsa ruwa ne. To wanda ya ja teku, jinin mutum zai gagare shi? Maganar ta zauna daram, sai dai in ka bi ta Bebeji ka tsaya a bakin Tiga. Tun 1974 da aka gama wannan madatsa a zamanin Audu Bako ruwa ke kwance a wurin, iya ganinka. Tambayi masunta yaushe yake ƙaruwa, za su ce da damina. Yaushe yake ja baya, za su ce da rani, in an buɗe wa masu noman Kadawa. Ba za ka samu wanda zai ce ya ɗaure kwalekwalensa da magariba, farin wata ya ɗaga shi kafin asuba ba. Manyan tafkunan Amurka ma, waɗanda Tiga a gabansu kamar ruwan alwala ne a buta, ɗagawar da wata ke yi musu ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. To ina ga randar tsakar gida, ina kuma ga ɗan ruwan da ke cikin ƙoƙon kanka?

Sirrin yana cikin girma. Ka tuna zaman jin ɗumi da hunturu a babban zaure. Wanda ke bakin wuta yana gumi, wanda ke bakin ƙofa yana rawar ɗari, saboda tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Amma tururuwa biyu a kan ƙwayar gero ɗaya, zafin da wannan ta ji shi waccan ta ji. Jan wata haka yake. Duniya faɗi gare ta, gefen da ke fuskantar wata ya fi jin jan a kan gefen da ya ba shi baya, wannan bambancin ne ke miƙe teku kamar ana jan danƙo. Kai kuwa daga kanka zuwa tafin ƙafarka ƙwayar geron nan ce, babu bambancin da zai miƙe komai. Kuma teku sau biyu yake cikowa a kowace rana ta Allah. Da a ce haka jininmu ke yi, da ciwon safe da yamma zai riƙa tashi, wa zai jira wata?

To ke nan Iya ta yi kuskure, a rufe zance? Wanda ya yi saurin cewa haka bai taɓa kwana a ƙauyen da babu lantarki ba. Wata na da ƙofar da yake shiga jikin mutum, kuma a buɗe take: ido.

Ku da kuka tashi a Yako ko Ɗansoshiya ko ƙauyukan Tudun Wada kafin zuwan sola, ku tuna daren farin wata. Wa ke barci? 'Yan mata na gaɗa a dandali, samari na langa, mata sun fito da turmi ana sussuka ana hira, tsofaffi sun baje tabarma a ƙofar gida har dare ya raba. Fatake ma da farin wata suke kora jakuna. Tashe kuwa da ake farawa goma ga azumi, duba lissafin da kyau, ya faɗo daidai dararen da gari ke fes tun daga magariba. Amma bari wata ya shiga duhu, ana idar da isha'i sai ka ji gari tsit, sai kukan gyare. Babu wanda ya yi shela, fitilar ce aka ɗauke.

Akwai wani hali na wata da ya kamata a lura da shi, halin ɗan ƙodago mai lalaci. Kullum sai ya makara a kan jiya da kusan minti hamsin. Daga bakwai ga wata zuwa sha huɗu, kafin rana ta faɗi yana sama yana jira, kamar baƙon da ya iso tun ba a kwashe tuwo ba, dole a zauna da shi a yi hira. A daren sha huɗu ko sha biyar, rana na faɗuwa yana fitowa. Bayan nan sai ya fara zuwa bayan isha'i, daga nan ƙarfe goma, daga nan tsakar dare, ya tarar masu gida sun kulle ƙofa. Haskensa na daren sha ɗaya da na daren sha takwas kusan ɗaya ne, amma na farkon ne ke hana mutane kwanciya.

A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da girmanta bai wuce ƙwayar shinkafar Tudun Wada ba. Aikinta irin na matar gida ne mai kora kaji akurki. In ido ya aiko mata cewa duhu ya yi, sai ta saki wani sinadari da likitoci ke kira melatonin, jiki ya fara sanyi, hamma ta zo, gaɓoɓi su nemi shimfiɗa. In kuwa ido ya ce har yanzu da sauran haske, sai ta ɗan dakata. Gaskiya hasken wata ba wani haske ba ne in aka gwada shi da rana, wadda ta ninka shi sau wajen 400,000. Ko ƙwan lantarkin ɗaki ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma ga wanda ba shi da wata fitilar, ya isa ya ga hanya, ya ga fuskar abokin hira, ya ga dalilin ƙin kwanciya.

Masana sun bi wannan zance da awo. A 2021 wasu daga jami'ar Washington ta Amurka da abokan aikinsu suka ɗaura wa mutum 98 wani abu kamar agogon hannu mai lissafa barci, a cikin ƙabilar Toba ta arewacin Ajantina. Wasu ƙauyensu babu wuta sam, wasu ɗan kaɗan, wasu a gari suke. Sai aka ga a darare uku zuwa biyar kafin wata ya cika mutane na jinkirta kwanciya da kamar rabin awa, barcin nasu kuma na raguwa da kusan awa guda in aka gwada da dararen da suka fi samun barci. Abin ya fi ƙarfi a ƙauyen da babu wuta, kamar dai yadda kowane ɗan ƙauyenmu zai gaya maka kyauta. Abin da ya ɗaure kai shi ne ɗalibai 464 na birnin Siyatil, inda fitilun titi suka shanye hasken wata, su ma an ga alamar haka a barcinsu. Kafin nan, a 2013, a garin Basel na Suwizalan, an duba bayanan mutum 33 da suka kwana a ɗakin gwaji inda ba sa ganin sama, aka ce a lokacin cikar wata barcinsu ya ragu da minti 20. Murna ba ta daɗe ba, don shekara na zagayowa wasu a Jamus suka duba na mutum 1,265, suka ce su ba su ga komai ba. A 2016 kuma aka auna yara sama da 5,800 a ƙasashe 12, aka samu ragin minti biyar kacal.

In ka haɗa su duka ka auna, ni dai abin da na gani shi ne wata na ɗiba a mudun barcinmu, amma ɗibar ba ta wuce gyaran da mai awo ke yi maka da tafin hannu ba. Ga mai lafiya, gyara ne kawai, gobe zai rama. Sai dai akwai gidan da tafin hannu ɗaya na gero shi ne tsakanin a ƙoshi da a kwana da yunwa. Mai farfaɗiya irin wannan gidan ne. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Haka mai taɓin hankalin nan mai hawa da sauka, wanda yau zai yi sama da surutu da kashe kuɗi, bayan an kwana biyu ya faɗa baƙin ciki: dare biyu ko uku ba barci sun isa su kunna shi. Ƙwaƙwalwar irin waɗannan bayin Allah kamar tukunyar kunu ce da ta kusa tafasa, kara ɗaya ka ƙara a murhu sai ta yi bori. Wasu likitocin Amurka ma a 1999 sun kawo shawarar cewa daga nan tsohuwar maganar wata da hauka ta samo tushe, tun zamanin da ba fitilun titi, mutane na kwana a waje ko a ɗakin da haske ke ratsawa.

Maganar kuwa tsohuwa ce, kuma ba tamu ce mu kaɗai ba. Tsohuwar kalmar da Turawan Ingila ke kiran mahaukaci da ita, daga sunan wata a harshen Latin aka ciro ta. Amma ga inda abin ke ba ni dariya: su cikakken wata suke zargi, mu kuwa a gidanmu tsayuwarsa ake tsoro. Ɓarawo ɗaya, shaidu biyu, wannan ya ce ran sha huɗu aka yi satar, wancan ya rantse ran ɗaya ga wata ne. Kowane alƙali zai gyara zama. Da aka buɗe littattafan asibiti, shari'ar ta ƙara raunana. A 1985 wasu masana biyu suka tattara bincike 37 a kan wata da hauka da aikata laifi, suka ce babu wata alaƙa da za a riƙe. A wani asibiti a Fulorida an ƙirga faɗuwa 770 cikin shekara uku, farfaɗiya ba ta ƙaru da cikar wata ba.

To me ya sa kowa ke rantsuwa ya gani da idonsa? Saboda tunanin ɗan Adam rariya ce mai son kai, abin da ya dace da zatonta shi take riƙewa. Ɗan baffana ya faɗi ran biyu ga wata, Iya ta ce, "Kun gani ko?" Ya faɗi ran sha tara, ta ce rana ce ta buge shi. Na farkon ya shiga lissafi, na biyun ya bi ruwa. Haka ungozoma za ta tuna daren da ta karɓi haihuwa uku gari fes kamar rana, ta manta dararen duhu da ta yi ta lalube da fitilar ƙwai. A jihar Karolina ta Arewa an ƙirga haihuwa sama da rabin miliyan cikin shekara biyar, aka jera su a kan kwanakin wata, ba ranar da ta fi wata. Jariri in lokacinsa ya yi ba ya leƙa taga.

Al'adar mata ma haka. Harshenmu ya ɗaure su tamau, har in mace ta samu ciki sai a ce ta yi ɓatan wata. Kwanakin sun yi kusa, shi ke nan. Wata 29 da rabi yake yi ba fashi, mace kuwa wata 26, wata 28, wata 33, kuma duk lafiya ce. Jakuna biyu ne a hanyar kasuwa masu tafiya kusan ɗaya: wani lokaci ka gan su kafaɗa da kafaɗa ka ce tare aka ɗaure su, an jima ɗaya ya ba ɗaya rata.

Duhun wata fa, shi ma yana da nasa. A Tanzaniya an bi tarihin mutanen da zakuna suka far wa tsawon shekaru, aka buga sakamakon a 2011. Harin ya fi yawa a kwana goman da ke bin cikar wata, da farkon dare. Zaki ya sha yunwa a dararen haske don nama na hango shi, sai ga duhu ya dawo daidai lokacin da mutane ke waje. Mu nan ba zaki ke damunmu ba, ko a bakin dajin Falgore. Namu su ne kububuwa a kan hanyar gona, kunama a gindin danga, da tsohuwar rijiya marar murfi. A yankin Riruwai ƙara da ramukan da masu haƙar kuza suka bari. Wanda ya taka maciji ran ashirin ga wata yana iya cewa wata ya jawo masa, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai tocilar da ya bari a gida ta fi wata laifi. Farin watan ma bai tsira ba: na sha ganin ɗan acaɓa ya kashe fitila wai gari da haske.

Zancen ƙaho a ranakun 17, 19 da 21, da azumin fararen kwanaki na 13, 14 da 15, wannan fagen malamai ne, ni ba zan sa baki ba. Abin da kawai zan ce wa mai zuwa wurin wanzami shi ne ya tafi da sabuwar reza, don ciwon hanta da ke bin jini ba ya duba kwanan wata. Zazzaɓin cizon sauro shi ma damina yake bi da ruwan da ke kwance a fadamun shinkafa, sanƙarau kuma zafin bazara da cunkoson ɗaki. Watannin Musulunci na matsowa da kwana 11 duk shekara, azumi ya zagaya hunturu ya zagaya damina, su kuwa waɗannan cututtuka suna nan a lokacinsu.

Yanzu ma wata ya samu kishiya. Yaron da ke kwance a Bebeji da waya a tafin hannu, ya manna ta a hanci yana kallon TikTok har ƙarfe biyu, hasken da ke shiga idonsa ya fi na daren sha huɗu, kuma wannan watan ba ya faɗuwa sai caji ya ƙare. Matar gidan nan mai kora kaji tana tsaye da sanda, an hana ta aikinta dare talatin a wata.

Amsar Iya kuwa, sai da na girma na tsince ta, kuma ba a sama take ba. Baffa ne ke zuwa Kano karɓo maganin yaron. Likita na rubuta na mako huɗu, kwana 28 ke nan. Baffa kuma ba ya duba kalanda, tsayuwar wata ce agogonsa: in an ga wata, sai ya fara neman kuɗin mota. Ka ga ƙwayar kan ƙare daidai lokacin da ake ganin jinjirin, ga kuma kwana biyu ko uku na haɗa kuɗi, wani lokaci sai an jira ranar kasuwa an sayar da akuya. Sai yaro ya yi kwanaki ba magani, kuma tsallake magani shi ne kan gaba wajen tayar da farfaɗiya. Iya ta ga daidai, ciwon na yawan motsawa a farkon wata. Wata dai yana tsaye a wurin ne lokacin da abin ya faru, kamar mai tallan goro a bakin rigima.

Saboda haka, mai karatu, in akwai mai irin wannan lalura a gidanku, samu ɗan littafi irin na 'yan firamare. Duk ranar da ciwon ya tashi rubuta kwanan wata, rubuta ƙarfe nawa ya kwanta daren jiya, rubuta ko ya sha maganinsa. Bayan wata shida ka kai wa likita, ko a asibitin garinku, ko Dawanau, ko na Malam Aminu Kano, ku duba tare. In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kada kuma a gudu, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Dokar Iya ta murhu da rijiya a riƙe ta kullum, har da tsakiyar wata. Maganin kuma a je karɓo wani tun da sauran na mako guda a cikin kwalba.